Yadda Ake Gane Halin 'Yar Kyanwa Kafin a Kai Ta Gida

Tun da mutane suka san ina kiwon kyanwa, tambaya ɗaya ce take ta dawo mini: an nuna mini 'ya'yan kyanwa huɗu ko biyar a cikin kwali, duk gwanin sha'awa, wacce zan ɗauka? Wasu kuma sai aikin gama ya gama sannan su zo, wannan ya ce tasa ta shige ƙarƙashin gado mako uku ke nan ba ta fito ba, wancan ya nuna mini hannunsa duk shatar yakushi. Shi ya sa na zauna na tsara matakan nan ɗaya bayan ɗaya, yadda nake bi idan zan zaɓa wa kaina ko na raka wani.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Babu 'yar kyanwar da ba ta firgita. Abin da za ka je aunawa shi ne tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta saki jiki bayan ta firgita, da kuma ko da ƙafarta take dawowa wurinka. Duk sauran gwaje-gwajen a kan wannan suke hawa. Zan riƙa cewa "ta" saboda sauƙin magana, amma mace da namiji duk hanya ɗaya ake bi.

Kayan da za ka tafi da su ba su da yawa: sanda siririya da aka ɗaura wa igiya da gashin tsuntsu ko ɗan ƙyalle a baki, takarda da za ka dunƙule, tarin makullai, farin ƙyalle ƙarami, agogon wayarka, da abin rubutu. Ka ware aƙalla awa ɗaya. Kada ka tafi da akwatin ɗaukar kyanwa a ziyarar farko, domin wanda ya je da akwati da wuya ya dawo da shi fayau.

1. Fara auna gidanka

Kafin ka kalli kyanwa ko ɗaya, ka amsa wa kanka waɗannan. Akwai ƙananan yara? Baƙi suna yawan shiga da fita? Awa nawa gidan yake zama babu kowa? Akwai wata kyanwa ko kare? Kana son wadda za ta kwanta a cinyarka ne, ko wadda za ta yi harkarta kusa da kai ba tare da ta dame ka ba?

Gida mai hayaniya yana buƙatar mai ƙarfin zuciya. Tsoho ko mai zama shi kaɗai a wuri shiru zai iya jin daɗin mai ɗan noƙewa, wadda idan ta saba da mutum ɗaya ta saba ke nan. Mai rawar kai kuwa, idan aka kulle ta ita kaɗai tun safe har dare, labule da kujeru ne za su gaya maka. Rubuta amsarka a layi biyu ka sa a aljihu, don idan ka ga idanun nan manya-manya, mantawa za ka yi da duk abin da ka tsara.

2. Yi tambaya kafin ka taka ƙafa

Rabin halin 'yar kyanwa an riga an gina shi kafin ka gan ta. Akwai wani ɗan lokaci, daga mako 2 zuwa mako 7 da haihuwa, da ƙwaƙwalwarta take karɓar duk abin da ta gani a matsayin abin da aka saba. Eileen Karsh, wata mai bincike a Amurka, ita ce ta fito da wannan fili a shekarun 1980: 'ya'yan da aka fara ɗauka ana shafawa tun a waɗannan makonni sun fi sakewa da mutane nesa ba kusa ba, idan aka kwatanta da waɗanda ba a fara taɓa su ba sai bayan mako 7. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyantakar kyanwa gajeriya ce ƙwarai.

Don haka ka tambayi mai su:

A ina aka haife su, cikin ɗakin da mutane ke zama ko wani lungu da ba a zuwa? Wa yake ɗaukar su, sau nawa a rana? Mutum ɗaya ne ko mutane daban-daban? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi, domin wadda hannu ɗaya kawai ta sani takan so mai hannun ta guji kowa. Sun taɓa ganin yara? Maza da mata? Sun saba jin ƙarar gida, kamar rufe ƙofa, rediyo, wanke-wanke?

Sai maganar iyaye. Uwar za ka iya ganinta, kuma ka dage sai ka gan ta. 'Ya'ya suna kwaikwayonta: idan tana zuwa wurin mutane da wutsiya a miƙe, a gabansu take yi, idan huci take yi tana ja da baya, shi ma suna gani. Uban kuwa sau da yawa ba a san shi ba, amma idan an sani ka tambaya. A 1995 Sandra McCune ta wallafa wani bincike da ya nuna cewa 'ya'yan muzuru mai son mutane sun fi saurin tunkarar baƙo da sabon abu, alhali ba su taɓa haɗuwa da uban nasu ba. Ashe ƙarfin zuciya har da gado a ciki.

Gargaɗi: idan mai su ya ce zai kawo maka ita wani wuri ku haɗu, ko ya yi ta kwana-kwana a kan nuna uwar da inda suke kwana, ka ja da baya. Ba za ka iya auna hali a bakin hanya ba. Wadda aka tsinta ba uwa kuwa ba laifinta ba ne, sai dai ka san cewa matakan da ke gaba su ne kaɗai madogararka.

3. Tabbatar da makonninta

Mutane suna ƙara wa 'yar kyanwa kwanaki don su rabu da ita da wuri, wani lokaci ma ba da gangan ba, lissafi ne ya ɓace musu. Ka duba da kanka. Ana haihuwarta da nauyin kusan giram 100, tana ƙara kusan giram 100 a kowane mako, don haka mai mako 8 takan kai giram 800 zuwa 900. Idanu suna buɗewa tsakanin kwana 7 zuwa 10, kuma duk shuɗaye ne da farko. Sai wajen mako 6 zuwa 7 launinsu na gaskiya yake fara fitowa. Idan har yanzu tana tangaɗi in tana tafiya, ba ta wuce wata ɗaya da yawa ba.

Kada ka raba ta da uwa kafin mako 8, kuma idan da hali ka bari ta kai 12 ko fiye. Wani bincike na Jami'ar Helsinki da aka wallafa a 2017, wanda ya tattara bayanan kyanwoyi sama da 5,700, ya gano cewa waɗanda aka yaye kafin mako 8 sun fi zama masu faɗa, waɗanda kuma suka kai mako 14 tare da uwa sun fi natsuwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa zama yana kallonsu. A wajen kokawa da 'yan'uwa ne take koyon iyakar cizo: ta ciji ɗan'uwanta da ƙarfi, ya yi ƙara ya bar wasan, gobe sai ta sassauta. Wadda ba ta yi wannan makarantar ba, a hannunka za ta yi ta.

4. Shiga, zauna, yi shiru

Ka tambayi lokacin da suka fi zama a farke, ka je a lokacin. 'Ya'yan kyanwa suna iya yin barcin awa 18 zuwa 20 a rana, kuma wadda ta ƙoshi yanzun nan, ko shaiɗaniya ce, kamar salihar baiwa za ka gan ta. Kada ka shafa turare mai ƙarfi. Idan kana da kyanwa ko kare a gida, ka wanke hannu ka sauya riga kafin ka je, ka sake yin haka idan ka dawo, saboda wari da kuma cututtukan da ake ɗaukowa a hannu da takalmi.

Da ka shiga, ka zauna a ƙasa, ɗan nesa da su, gefenka yana fuskantarsu. Kada ka kira, kada ka miƙa hannu, kada ka zuba musu ido. A wurin kyanwa, kallo ido cikin ido ba ƙiftawa barazana ce. Duba agogo ka ba su minti 10.

A cikin mintunan nan za ka ga sun rarrabu da kansu. Akwai wadda kafin ka gama zama ta hau ƙafarka tana cin igiyar takalminka. Akwai wadda za ta tsaya daga nesa, ta miƙo wuya tana shinshina iska, ta matso taku biyu ta koma ɗaya, can sai ka ji hancinta mai sanyi a bayan hannunka. Akwai kuma wadda ta ɓace tun da aka buɗe ƙofa. Rubuta minti nawa kowacce ta ɗauka.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne cewa "ita ce ta zaɓe ni" game da wadda ta fara zuwa. Ta farkon nan kowa take zaɓa. Tana da kyau ga gida mai yara da motsi, amma ka sani ita ce mai hawa labule da tsakar dare. Ni dai ta biyun nan, mai tunani kafin ta matso, ita nake yawan nuna wa mutane.

Ka kuma lura da yadda suke yi da juna. Wacce ce kullum a sama idan ana kokawa, kuma tana sakin ɗan'uwanta idan ya yi ƙara? Wacce ce ake turewa daga kwano? Wacce take zaune ita kaɗai alhali saura suna guje-guje?

5. Raba rashin lafiya da sanyin hali

Wannan mataki ya riga gwajin hali, domin ciwo yana sa wa kyanwa rigar da ba tata ba. Na taɓa raka wata 'yar'uwata ta zaɓi wata 'yar baƙa mai farin wuya saboda, in ji ta, ba ta da fitina. Ashe tsutsar ciki ce da ƙuma suka shanye ta. Mako biyu bayan magani sai ga ta a saman ƙofa tana leƙen mutane. Ba ta zama muguwa ba, amma ba ita ce kyanwar da aka zaɓa ba.

Duba idanu: a buɗe tas, ba kwantsa, ba wata farar fata da ta rufo daga gefen hanci. Hanci ba majina, ba yawan atishawa. Cikin kunne ba baƙin datti kamar garin gawayi, kuma ba ta yawan karkaɗa kai. Ɗaga leɓenta a hankali, dasashi ya zama ja-ja mai haske. Idan ya yi fari fat, jini ya yi ƙaranci. Ciki kada ya kumbura kamar ganga alhali ƙashin baya yana tsinin hannu. Ƙarƙashin wutsiya a bushe, ba alamar zawo. Ka tsefe gashin bayanta a kan farin ƙyallen nan da ka ɗan jiƙa: idan baƙaƙen ɗigo suka zubo suka narke suka zama ja, kashin ƙuma ne, jinin da suka sha ke nan.

Gargaɗi: idan ka ga wuri zagayayye da gashi ya zube, musamman a kunne ko fuska, yana iya zama makero, kuma yana kama mutane, yara sun fi saurin ɗauka. Wanke hannu da sabulu. Duk ɗaya daga cikin waɗannan alamu ba ya nufin ka fasa, yana nufin ka dakatar da hukunci a kan halinta sai likitan dabbobi ya duba ta ta warke.

6. Miƙa yatsa

Yanzu ka miƙa yatsa ɗaya daidai tsayin hancinta, ka tsayar da shi. Kada hannunka ya zo ta saman kanta, haka shaho yake zuwa. Idan ta shinshina ta goga kumatunta a yatsan, ta ba ka izini. Idan ta shinshina ta juya, ka ƙyale ta, ka sake gwadawa bayan minti biyu.

Ga wata dabara: ka kalle ta da idanu a lumshe, ka ƙifta a hankali, ka kau da kai. Masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun nuna a 2020 cewa kyanwoyi sun fi tunkarar baƙon da ya yi musu wannan lumshe ido. Idan ta mayar maka da irinsa, alama ce mai kyau.

Karanta jikinta gaba ɗaya. Wutsiya a miƙe sama da ɗan lanƙwasa a ƙarshe gaisuwa ce. Kunnuwa a gaba, gashin baki a sake, jiki laushi, duk lafiya. Kunnuwa sun kwanta baya, ƙwayar ido ta buɗe baƙi ƙirin alhali da haske a ɗakin, wutsiya ta naɗe a ƙarƙashin ciki, tana lasar hanci a kai a kai, wannan tsoro ne.

7. Shafa, sannan ɗagawa

Fara daga kumatu da ƙarƙashin haɓa da gindin kunne. Shafa sau uku ka janye hannu ka jira. Wannan janyewar ita ce gwajin. Mai son mutane za ta biyo hannun, ta tura kanta ciki. Wadda haƙuri kawai take yi za ta yi amfani da damar ta sulale.

Idan ta nemi ƙari, sa hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirjinta, ɗaya ya tallafi ƙafafun baya, ka ɗaga ta zuwa ƙirjinka kana zaune. Kada ka ɗauke ta ta fatar ƙeya. Uwa tana yin haka da jarirai, amma idan kai ka yi, sandarewa kawai za ta yi, ba abin da za ka koya. Ƙirga daƙiƙa 10 zuwa 15. 'Yar mutsu-mutsu ba komai ba ce, yaro mai lafiya ba ya son a riƙe shi ana wasa a ƙasa. Abin dubawa shi ne yadda take neman sauka: da farata a ciki tana zillewa, ko da yakushi da ihu kamar an kama ta a tarko? Taɓa tafin ƙafarta, leƙa kunnenta. Nan gaba za ka yanke mata farce, za ka ba ta magani, gara ka san yadda take ɗaukar irin wannan tun yanzu.

Sai ka ajiye ta ka sake duba agogo. Ta tsaya nan kusa tana lasar jiki? Ta juyo ta sake hawa ƙafarka? Ko ta yi layar zana?

A nan ne na yi kuskuren da ya koya mini duk abin da nake rubutawa. Kyanwata ta farko, wata 'yar toka-toka, na ɗauke ta ta lafe a tafin hannuna ko motsi ba ta yi, har da ɗan ƙugin nan na maƙogwaro. Na ce na samu kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Ban lura ba cewa jikinta a sandare yake kamar itace, zuciyarta tana bugun yatsuna da sauri, kuma da na ajiye ta ba tafiya ta yi ba, jan ciki ta yi ta shige bayan kabad. Tsoro ne ya daskarar da ita. Ƙugin ma ba kullum ne na jin daɗi ba, kyanwa tana yin sa idan tana cikin ciwo ko firgici. Ta yi wata biyu a gidana kafin ta yarda ta ci abinci ina ɗakin, kuma har ta tsufa, da an ƙwanƙwasa ƙofa sai ka neme ta ka rasa. Na so ta, amma da gida mai yara ta faɗa, da an sha wuya ita da su. Mai natsuwa ta gaskiya jikinta nauyi yake yi a hannu, ya saki kamar jiƙaƙƙen tsumma. Mai tsoro ba ta da nauyi, a ɗaure take.

8. Fito da sandar wasa

Ja gashin tsuntsun a ƙasa, yana nisa da ita, yana ɓuya a bayan ƙafar kujera, kamar yadda abin farauta yake gudu. Daga wajen mako 7 zuwa 8 sha'awar bin abu mai motsi takan yi ƙarfi, don haka lafiyayya da wuya ta iya daurewa. Wasa yana tona asirin mai noƙewa: wadda ta ƙi zuwa wurin yatsanka amma ta manta da kai ta biyo igiya har kan gwiwarka, tsoronta na sama-sama ne, zai wuce. Wadda ko igiyar ba ta fito da ita ba, nata ya yi zurfi.

Bayan minti 5 ka ɓoye sandar ka ga yadda take sauka. Wata za ta zauna tana haki ta shiga lasar jiki. Wata kuwa wutar ba ta mutuwa, sai ta koma kan idon sawunka. Idan haƙoranta suka taɓa hannunka, ka tsayar da hannun cak, kada ka fizge. Mai tarbiyyar 'yan'uwa za ta saki, wataƙila har ta lasa. Wadda ta ƙara damƙewa tana harbi da ƙafafun baya tana buƙatar aiki, kuma ba ita ce ta gida mai jariri ba.

Gargaɗi biyu. Kada ka yi mata wasa da yatsunka, abin dariya ne a mako 9, abin kuka ne a wata 9. Kuma kada ka bar igiya ko zare a wurinsu idan za ka tafi, haɗiye shi yana iya naɗe hanji har sai an yi tiyata.

9. Gwajin firgita

Ka nemi izinin mai su tukuna. Lokacin da take cikin wasa, ka saki makullan nan su faɗi ƙasa, nesa da ita kamar taku uku, ba a kanta ba, ba kuma ta bayanta daf ba. Sau ɗaya tak. Za ta zabura, wataƙila ta ruga. Wannan daidai ne. Fara ƙirga.

Wadda ta tsaya, ta juyo, ta zo tana shinshina makullan cikin 'yan daƙiƙu, zuciyarta ta kafu. Wadda ta ɓuya amma ta leƙo cikin minti ɗaya ko biyu, ta koma wasa da ka motsa igiya, ita ma lafiya lau, irinta ce mafi yawa. Wadda minti 10 suka wuce tana can a takure, ka rubuta, domin haka za ta riƙa yi duk ranar da aka yi baƙi ko aka yi tsawa. Waɗannan lokuta ma'aunina ne na gwaji da ido, amfaninsu shi ne kwatanta 'yan ciki ɗaya a wuri ɗaya.

Idan kuwa ko kunnenta bai motsa ba, kada ka yi saurin cewa jaruma ce. Tafa hannu a bayanta inda ba ta ganinka. Fararen kyanwoyi masu shuɗin ido suna yawan zuwa da kurumta tun daga haihuwa. Kurmar kyanwa tana rayuwa lafiya, amma a cikin gida kawai, inda mota da kare ba za su zo mata ba ta sani ba.

Ka ƙarasa da ajiye takardar da ka dunƙule ko jakarka a tsakiyar ɗaki, ka ga wa zai fara zuwa bincike.

10. Ita kaɗai, da kuma mutanen gidanka

Wata jarumtar ta taro ce. Ka roƙa a kai wadda ka fi so wani ɗaki ku zauna minti 5 zuwa 10 ba uwa ba 'yan'uwa, domin haka za ta kasance a gidanka. Kuka kaɗan da neman ƙofa ba laifi. Ka ga dai ko za ta fara zagaya ɗakin, ko za ta karɓi ɗan abincin da ta saba ci daga hannunka. Kyanwar da tsoro ya cika ba ta cin abinci, don haka idan ta ci, ta faɗa maka abu mai yawa.

Idan kana da yara, ka zo da ɗaya a ziyara ta biyu, ka zaunar da shi a ƙasa ka koya masa miƙa yatsa. Kana auna su biyun ne. Nan ne kuma za ka gane ko wani a gidan yana atishawa ko ƙaiƙayin ido idan ya taɓa kyanwa, gara a sani yanzu.

Gargaɗi: idan wadda aka tsinta a waje, ba a san tarihinta ba, ta cije ka ko ta yakushe ka har jini ya fito, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 ka je asibiti a ranar. Kyanwa ma tana ɗaukar ciwon haukan kare.

11. Koma gida hannu wofi, ka dawo

Fito da takardar nan ta aljihu ka haɗa da abin da ka rubuta. Launin gashi ba ya cikin lissafi, haka ma cewa namiji ya fi mace son mutane. Bambancin da ke tsakanin kyanwa da kyanwa ya fi wannan girma. Tausayi ma ka sa masa linzami. Mai ɓuya a lungu ita ta fi kama zuciya, kuma tana iya zama abokiyar kirki, amma ga wanda yake da gida shiru da haƙurin zama a ƙasa kullum na makonni ko watanni. Idan ta haura wata 3 ba ta taɓa sanin hannun mutum ba, aikin ya fi haka tsawo, kuma mai yiwuwa ba za ta taɓa sakewa da baƙi ba.

Ka koma bayan kwana 2 ko 3, a wani lokaci dabam na yini, ka maimaita mataki na 4, na 7 da na 9. Abin da ya maimaita kansa shi ne hali. Abin da ya sauya, barci ne ko yunwa ko gajiya. Sau da yawa mai noƙewa ta ranar farko takan gane ka ta zo da wuri, wannan kuma babbar shaida ce a kanta.

Kafin ka ce ka ɗauka, yi lissafin kuɗi, domin ko kyauta aka ba ka ita, watannin farko suna da tsada. Akwai allurar rigakafi da ake farawa daga mako 6 zuwa 8, ana maimaitawa duk mako 3 zuwa 4 har ta kai mako 16. Ta ciwon haukan kare daga mako 12. Maganin tsutsa da na ƙuma. Sai aikin hana haihuwa wajen wata 4 zuwa 6, domin mace tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4. Ƙara akwatin ɗauka, kwanon yashin bayan gida, da abin da za ta riƙa karta a maimakon kujerarka. Tambayi likitan dabbobi farashin duka kafin ranar, kuma ka karɓi takardar duk abin da aka riga aka yi mata. Idan mai rawar kai ka zaɓa kuma ba ka yini a gida, ka yi tunanin ɗaukar biyu 'yan ciki ɗaya: kuɗin ya ninka, amma kokawar da za a yi da ƙafarka sai su yi da juna.

Ranar ɗauka, ka roƙi ɗan tsumman da suke kwana a kai ka sa a cikin akwatin. A gida ka ba ta ɗaki ɗaya tukuna, da abinci da ruwa a gefe guda, yashi a ɗaya gefen, da kwalin da za ta ɓuya. Ko jarumar da ta shinshina makullai tana iya yin kwana 2 ko 3 a ɓoye, kada ka jawo ta. Shiga ka zauna a ƙasa kamar yadda ka yi a mataki na 4. Amma idan ta yi yini guda cur ba ta ci komai ba, kira likita, ƙaramar kyanwa ba ta jure yunwa.